Hunturu ya shigo: abin da yaranmu ke yi a ajin KG, da dalilin da ya sa ba za a bar su a gida ba

 

Tun da iska ta juya, hazo ya sauko, malaman ajin ƙananan yara suka kawo mana kuka cewa tabarmar aji ta fara yin fili da safe. Yaron da bai taɓa fashi ba a watan Oktoba, yanzu sai ya kwana uku ba a gan shi ba. Muka zaga ɗakuna a nan Tarikom muka tambayi dalili. Wasu suka ce sanyin safe ya yi yawa, yaro kuma ba shi da rigar sanyi. Wasu suka ce tari yake yi. Wasu sun tafi aikin lambun albasa, sun bar 'yar shekara biyar da goyon ƙaninta. Amma amsar da muka fi ji ita ce wannan: ai wasa kawai suke yi a can, in kuwa wasa ne, yana iya yi a ƙofar ɗaki inda idon uwarsa ke kansa.

Wannan magana ba ta rashin hankali ba ce. Wanda ya baro gida da gona ya tsallako iyaka da yaro a kafaɗa, ba a yi masa dariya don ya ƙi rabuwa da yaron nan. Shi ya sa muka zauna da malamai, muka rubuta muku wannan bayani: mene ne ajin KG, me ake yi a ciki a watannin hunturu, me ake so yaro ya iya, kuma me zai rasa idan ya zauna a gida daga Disamba har zuwa Fabrairu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Mene ne KG, kuma wa ke da haƙƙin shiga?

A Ghana yaro ba ya fara makaranta daga aji ɗaya na firamare. Akwai aji biyu kafin nan. KG 1 na 'yan shekara 4 ne, KG 2 na 'yan shekara 5. Idan yaro ya cika shekara 6 sai ya wuce aji ɗaya. Dokar ilimi ta shekarar 2008 ce ta sa waɗannan azuzuwa biyu cikin ilimin tushe, wanda tsarin mulkin ƙasar na 1992 ya ce kyauta ne kuma dole ne. Ke nan KG makaranta ce sosai, ba wurin ajiye yaro ba ne kafin uwa ta dawo daga famfo.

Da yawa daga cikinmu ba su san irin wannan aji a gida ba. A ƙauyukan Burkina Faso yawancin yara suna fara makaranta ne kai tsaye daga ajin farko na firamare. Ga kuma tashin hankalin da ya sa a shekarar 2023 makarantu fiye da 5,000 suke rufe a ƙasar. Akwai iyali a cikinmu da babban yaronsu ya shekara biyu ko uku bai ga allo ba. Kada ƙanensa su bi wannan hanya alhali ga aji a buɗe.

Ɗan gudun hijira yana da haƙƙin shiga kamar ɗan ƙasa. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951, wadda Ghana ta amince da ita, ta ce a ilimin farko a yi wa ɗan gudun hijira abin da ake yi wa ɗan ƙasa. Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana da UNHCR suna aiki da Hukumar Ilimi ta Ghana, wadda ake kira GES, a kan wannan. Babu kuɗin makaranta a KG na gwamnati. Idan aka nemi wani kuɗi a wurinku, ku tambayi na mene ne, ku nemi rasit, in ba ku gamsu ba ku zo ofishin kariya. Idan ba ku da takardar haihuwar yaro, wannan ma kada ya sa ku zauna: ku zo da takardar rajistarku ta iyali, mu raka ku.

Me ya sa wasa?

A watan Satumba na 2019 Ghana ta fara aiki da sabuwar manhaja a KG da firamare. Hukumar tsara manhaja, NaCCA, ita ta shirya ta. Manhajar ta ce ɗan KG ya koya ta hanyar wasa, da taɓa abu da hannu, da magana, ba ta hanyar zama shiru yana maimaita abin da malama ta faɗa ba.

Mu ɗauki misali daga gida. Babu uwar da ta taɓa zaunar da 'yarta ta yi mata darasin daka. Yarinya tana ganin ana yi, ta samo gwangwani da ɗan ice ta riƙa daka ƙasa, wata rana sai ga ta da taɓarya a turmi. Haka yaron makiyayi yake gane dabbobin gidansu ɗaya bayan ɗaya tun bai san sunan lamba ko ɗaya ba. Ajin KG hanyar nan ya ɗauka ya tsara ta. Bambancin wasan aji da wasan ƙofar ɗaki shi ne, a aji akwai babba da ya san inda yake so wasan ya kai yaro. Malama ta zuba murafen kwalba, ta ce a ware jajaye gefe guda, a ƙirga su, a gaya mata wane tsibi ya fi yawa. Yaro yana ganin wasa yake yi. Ita kuwa ta san lissafi take dasawa.

Rubutu ma haka. Yatsun ɗan shekara 4 ba su yi ƙwarin riƙe fensir da kyau ba. Kafin ya rubuta harafi sai ya murɗa laka, ya zura zare cikin duwatsun ado, ya yaga takarda, ya ja layi a yashi. Idan aka tilasta masa littafi tun hannu bai nuna ba, abin da zai koya shi ne tsoron littafi. Don haka in ɗanku ya wata uku yana zuwa bai dawo da shafi cike da rubutu ba, ba lalaci malama take yi ba.

Yadda yini ke tafiya

Da safe ana karɓar yara, a kira sunan kowa, a duba farce da fuska. A lokacin hunturu sanyin asuba a arewacin Ghana yakan sauka ƙasa da digiri 20, da rana kuma zafi ya haura 30. Saboda haka malamai sukan fara da abin da zai ɗumama jiki: tsalle, tafi, rawa, waƙa. Daga nan a zauna a da'ira a kan tabarma, a yi hira a kan batun ranar. Sai a rarraba yara ƙungiya ƙungiya, kowace da aikinta. In hantsi ya yi, rana ta buɗe, sai a fita waje. Akwai lokacin koyon sautin haruffa, akwai lokacin da yaro zai zaɓi kusurwar da yake so a cikin aji: ta kasuwa, ta gida, ta gini, ta littattafai. Ana rufe yini da labari.

Manhajar tana da manyan batutuwa guda bakwai da ake bi cikin shekara: ni kaina, iyalina, ɗabi'u da abin da muka yi imani da shi, unguwarmu, ƙasar Ghana, abubuwan da ke kewaye da mu, da sauran duniya. A cikin kowane batu ake saƙa magana, da lissafi, da zane, da waƙa. Ga yadda hunturu ke shiga ciki.

Ayyukan hunturu

Duban sama. Kowace safiya a kan sa yaro ɗaya ya leƙa waje ya gaya wa aji yadda gari ya waye. Akwai hazo? Ana ganin bishiyar da ke nesa, ko ta ɓace? Iska daga ina take busowa? Sai ya maƙala hoton rana ko na hazo a allon kwanaki. Ranar Juma'a a ƙirga: kwana nawa aka yi hazo, kwana nawa gari ya washe. Da wannan yaro ke koyon sunayen ranaku, da jiya da yau da gobe, da tsayawa gaban jama'a ya yi magana. Malama takan gaya musu cewa ƙurar nan daga Sahara iska ta ɗauko ta, ta ratso Nijar da Burkina kafin ta iso nan. Yara suna son wannan labari, domin hanyar da wasunsu suka biyo ke nan.

Ƙirga da abin da rani ya zubar. Wannan ne lokacin 'ya'yan kuka da tsamiya da busasshen ganye. Yara su tsinto, su ware manya da ƙanana, su jera ɗaya na kuka ɗaya na tsamiya, ɗaya na kuka ɗaya na tsamiya, a tambaye su me zai biyo baya. Ana farawa daga ɗaya zuwa biyar, sai goma, a hankali a kai ashirin. Abin da ake nema ba rera lamba kamar waƙa ba ne. Yaro da yawa zai rera har ashirin, amma ka ce ya ba ka ƙwallo huɗu sai ya damƙo hannu guda. Ana so ya taɓa kowane abu sau ɗaya yana faɗin lambarsa, ya kuma gane cewa lambar ƙarshe ita ce yawan abin.

Karan dawa da laka. Bayan girbi kara ya samu. Da shi ake yin mota, da gado, da tabarau, da amalanken jaki. Da laka ake gina saniya, da tukunya, da zabo. Nan yaro ke sanin dogo da gajere, da mai kusurwa uku da mai huɗu da zagayayye, yatsunsa kuma suna ƙwari. Sau da yawa yaro yakan gina gidan da suka baro, da rumbu da turke. Malama ba ta hana shi. Takan zauna ta ce ya nuna mata ɗakin kowa.

Rubutu a ƙasa. Ƙurar da ke damun mu ita ce allon yara. A faranti ko a ƙasa, yaro ya ja layi tsaye, da kwance, da zagaye, daga hagu zuwa dama. Daga baya ya zana harafin farko na sunansa. In ya yi kuskure ya shafe da tafin hannu, babu jan biro, babu kunya.

Kasuwar aji. A kusurwa guda an jera gwangwanaye da kwalaye da albasa ta laka, kamar ranar kasuwar Zebilla. Wannan mai sayarwa, wancan mai saye, murafen kwalba su ne kuɗi. A gaisa, a yi ciniki, a ba da canji. A nan yaronmu da ɗan gari suke fara fahimtar juna tun kafin su iya harshen juna.

Wasan waje. Langa, da ɓuya, da carafke, da gaɗa, da ampe, wasan tsalle da tafi na 'yan matan Ghana. Langa tana koya wa jiki tsayuwa daidai. Carafke tana haɗa ido da hannu da ƙirga. Dukansu suna koyar da abu guda mai wuya ga ɗan shekara 4: jiran layi, da haƙuri idan aka ci shi.

Darasin jiki. Batun "ni kaina" ya haɗa da kula da jiki, hunturu kuwa shi ne babban malami a nan. Ana koya wa yara wanke hannu da sabulu a bokiti mai famfo, wanda a Ghana ake kira Veronica. Ana koya musu yin tari a cikin gwiwar hannu, da shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba, da nisantar wuta. Ana yin wasan kwaikwayo: in riga ta kama wuta kada a gudu, a faɗi ƙasa a yi birgima, a kira babba.

Tuta biyu. Ƙarshen hunturu yana kaiwa ga 6 ga Maris, ranar da Ghana ta samu 'yancin kai a 1957, lokacin da makarantu ke fareti. Yara sukan zana tutar Ghana: ja, da ruwan zinariya, da kore, da baƙin tauraro. Yaranmu suna iya zana ta Burkina a gefe: ja da kore, da tauraro ruwan ɗorawa. Sai a tambayi aji, ina suka yi kama, ina suka bambanta? Darasin launi ne da kwatance, kuma yaro ya ga cewa ba a ce ya manta inda ya fito ba.

Me ake so yaro ya iya kafin aji ɗaya?

Ba a yi wa ɗan KG hukunci da jarrabawa irin ta manya. Malama tana lura da shi ne yau da gobe, tana ajiye zanensa da aikinsa. Zuwa ƙarshen KG 2, ga irin abin da ake fata.

A wajen magana: ya faɗi sunansa da na iyayensa da inda yake zaune. Ya saurari gajeren labari ya maimaita shi, farko da tsakiya da ƙarshe. Ya bi umarni mai gaɓa biyu, kamar ajiye kofi ka zo ka zauna. Ya yi tambaya in bai gane ba.

A wajen karatu: ya riƙe littafi daidai, ya san ana bin rubutun boko daga hagu zuwa dama. Ya ji cewa "baba" da "bante" da sauti ɗaya suka fara. Ya gane haruffa da sautinsu, ya rubuta sunansa ko da a karkace.

A wajen lissafi: ya ƙirga abu yana taɓawa, ya gane lambobi a rubuce, ya san wanne ya fi yawa, ya haɗa ko ya cire da tsakuwa a gabansa, ya san siffofi da launuka.

A wajen zama da mutane: ya rabu da uwarsa da safe ba tare da kuka har azahar ba. Ya yi tarayya da wani a kan abin wasa. Ya je bayan gida da kansa ya wanke hannu. Ya faɗi da baki cewa ransa ya ɓaci maimakon ya kai duka.

Yara ba sa tafiya ƙafa ɗaya. Wani zai riga a magana, wani a ƙirga. Amma duk waɗannan abubuwa ɗaya a kan ɗaya ake ɗora su, kamar tubali. Disamba zuwa Fabrairu tsakiyar shekarar karatu ce. Wanda ya zauna a gida wata uku, in ya dawo zai tarar abokansa sun san sautin haruffan da bai taɓa ji ba. Ya shiga aji ɗaya a baya, ya zauna a ƙarshen aji yana kallo. Irin wannan yaro ne yakan ce ba ya son makaranta, alhali ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba, hunturu ɗaya ya rasa.

Maganar harshe

Wannan ita ce tambayar da ta fi zuwa teburinmu, mu da aikinmu fassara ne. A gida makarantar boko da Faransanci take. A nan Turanci ne. Tsarin Ghana shi ne a ƙananan azuzuwa a yi amfani da harshen da yaran yankin ke ji, ana shigo da Turanci a hankali, daga aji huɗu kuma Turanci ya zama harshen koyarwa. A wannan gunduma ta Bawku ta Yamma harshen Kusasi ne ya fi yawa. A Yendi Dagwambanci ne, a Salaga Gwanjanci, ga kuma Hausa a zango da kasuwa ko'ina. Yaronmu mai jin Mosanci ko Fulatanci ko harshen Bisa ko Hausa yana iya yin makonni a aji bai buɗe baki ba. Kada ku tsorata. Yana sauraro ne, yana tarawa. Ƙaramin yaro ya fi babba saurin kama harshe, kuma a wurin wasa yake kama shi. Wannan ma dalili ne na kada ya yi fashi.

Roƙonmu shi ne kada ku daina yi masa magana da harshenku don wai ya koyi Turanci. Yaron da ya iya ba da labari da harshen uwarsa, shi ne zai iya bayarwa da wani harshe. Wasu kuma sun ce, in Allah Ya kawo zaman lafiya gida za mu koma, me Turanci zai yi mana? Haruffan Turanci da na Faransanci iri ɗaya ne. Lambobi iri ɗaya ne. Hannun da ya iya riƙe fensir a Tarikom zai riƙe shi a Bittou ko Tenkodogo. Babu abin da zai zube a bakin iyaka.

KG kuma ba ta hana makarantar allo ko ta coci. Ana tashi da rana, yamma da dare naku ne. Mutanen Salaga suna tuna Alhaji Umaru, malamin da ya zo daga Kano ya zauna a garinsu. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, shi ma ya bar garin, daga baya ya zauna a Kete Krachi yana karantarwa har ya rasu a 1934. Gudun hijira ya raba shi da gari, bai raba shi da karatu ba.

Yaron da ya ga abin tsoro

Wasu yaranmu sun ga abin da bai kamata yaro ya gani ba. Akwai wanda ya koma fitsarin kwance, akwai mai firgita da dare, akwai wanda ƙarar babur ke sa shi ya ruga ƙarƙashin tebur, akwai wanda ya zama mafaɗaci. Ba iskanci ba ne, ba kuma taurin kai ba. Abin da ke kwantar da irin wannan yaro shi ne ya san abin da zai faru gobe: malama ɗaya, tabarma ɗaya, waƙar safe, labarin rana. Idan ya manne muku, ku raka shi, ku zauna a bakin aji na ɗan lokaci, ku gaya masa yaushe za ku dawo, ku kuma dawo a lokacin. Kada ku sulale ba sallama. Yaron da ya taɓa rasa wani ba zato, sulalewa tana tayar masa da tsohon tsoro.

Ku sani kuma, tun 2017 GES ta hana duka a makarantu. Ba a yarda a yi wa yaro bulala ko a wulakanta shi ba. Idan ɗanku ya dawo da tabo, ko ya ƙi zuwa saboda tsoron wani babba, ku zo ofishin kariya. Za a saurare ku a keɓe, da harshenku, maganar kuma ba za ta fita ba sai ga wanda zai taimaka. Yaro mai naƙasa, ko wanda ba ya ji sosai, ko wanda maganarsa ta yi jinkiri, shi ma ajin nasa ne. Kada a ɓoye shi a ɗaki.

Yaushe zai je, yaushe zai zauna?

Sanyin safe kaɗai ba dalilin fashi ba ne. Ku sa masa riga biyu ko uku a kan juna, ko da gwanjo ne, da hula ko ɗankwali, da takalmi. In rana ta yi zai cire ta sama. Ku shafa masa man kaɗe a leɓe da ƙafa da hannu saboda tsagewa. Ku ba shi koko mai ɗumi kafin ya fita, ku riƙa masa ruwa a gora. In wankan asuba ne ke kawo kuka, a yi masa da yamma da ruwan ɗumi, da safe a wanke fuska da hannu. Wanda ba shi da abin sa wa yaro ya gaya wa shugaban rukuninsa ko ya zo wurinmu, mu rubuta sunansa. Ya zo a makare ya fi bai zo ba.

'Yar mura ba zazzaɓi, yana ci yana wasa, yana iya zuwa. Amma ya zauna a gida, a kai shi asibiti, idan akwai zazzaɓi, ko gudawa, ko ƙuraje a jiki, ko jan ido mai kwantsa wanda ake kira Afolo.

Akwai alamun da ba a jira gari ya waye a kansu. Arewacin Ghana yana cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, daga hunturu har zuwa zafin Maris da Afrilu. Zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, da ciwon kai, da sandarewar wuya, da amai, da suma ko jijjiga: a ɗauki yaro zuwa asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Haka kuma yaro mai tari da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa ciki. Ku kai littafin awo ma'aikatan lafiya su duba ko akwai rigakafin da ya wuce shi, musamman na ƙyanda. In littafin ya ɓace a hanya, ku faɗa, za a san yadda za a yi.

Sai wuta. Kada a bar yara su kaɗai suna jin ɗumi. Kada a kwana da garwashi a cikin ɗaki ko tanti a rufe: hayaƙinsa marar wari yana kashe mutum cikin barci. Lokacin ƙona daji ne kuma, a hana yara bin wuta don farautar ɓera.

Abin da za ku yi a gida

Ba sai kun iya karatu ba. In ya dawo ku tambaye shi me suka yi yau, ku bar shi ya faɗa har ƙarshe. In kuna rabon tuwo ku ce ya ƙirga kwanuka. In kuna tsintar wake ku ba shi nasa ya ware. Da dare, a bakin murhu, kaka ta yi tatsuniya da kacici-kacici, sannan ta ce shi ma ya yi nasa. Ku tara murafen kwalba da kwalaye da kara ku aika wa malama. Iyaye maza, wannan ba aikin mata kaɗai ba ne: raka yaro zuwa aji sau ɗaya a mako yana nuna masa cewa abin da yake yi yana da daraja.

A gundumomi da dama na arewa, GES da ƙungiyar Lively Minds suna horar da iyaye mata, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, su riƙa zuwa suna jagorantar wasannin koyo a KG. Idan malama ta nemi masu taimako, kada kunya ta hana ku.

Maganar 'yan mata masu goyo kuwa, mun san aikin lambu da itace da ruwa ba sa jira. Amma 'yar shekara 5 ita ma yarinya ce. Mata huɗu ko biyar na rukuni ɗaya suna iya yin karɓa-karɓa: yau wannan ta zauna da jarirai, gobe waccan, 'yan matan su tafi aji. Yaron da ya kai shekara 8 ko fiye bai taɓa shiga makaranta ba, shi ba KG ne wurinsa ba. Akwai tsarin karatun cike giɓi na wata tara ga 'yan shekara 8 zuwa 14. Ku zo mu duba abin da ya dace da shi.

Idan za ku tashi zuwa wurin dangi a Bawku ko Yendi ko Salaga, ku sanar da ofis, ku kuma karɓi takarda daga shugaban makaranta mai nuna ajin da yaro yake. Manhaja ɗaya ce a duk makarantun gwamnati, zai ɗora daga inda ya tsaya.

Abubuwa da yawa sun fi ƙarfinmu a wannan zama. Ba mu san ranar komawa ba, ba mu da iko a kan abin da ke faruwa a gida. Amma shekarar huɗu da ta biyar ta yaro sau ɗaya take zuwa, ba ta jiran a sasanta. Gobe da safe, in hazo ya rufe gari, ku ɗaura masa ɗankwali, ku shafa masa mai, ku kama hannunsa. Mai tambaya ya same mu a ofishin kariya, akwai mai fassara.

Allah Ya raya mana su, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya.